Mutumin da Ya Ƙona Itacen Jego

Akwai wani mutum a wani ƙauye, manomi ne, tsoho, gemunsa fari fat kamar ya tsoma shi a ƙwaryar gari. Ba mugu ba ne, kada wani ya fita ya ce an ce mugu ne. Bai taɓa kama akuyar kowa ba, ba ya shan giya, ran Lahadi kuwa shi ke riga kowa zuwa coci, ya zauna a bencin gaba, ya yi barcinsa cikin salama har a ce amin. Abu ɗaya ne ya kama shi. Yana so a riƙa cewa wutar gidansa ba ta mutuwa.

A wancan lokaci ba kowane gida ke da ashana ba. In mace ta tashi da safe ta tarar murhunta ya yi sanyi, sai ta ɗauki tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, ta duba gidan da hayaƙi ke tashi, ta je ta yi sallama, a zuba mata ɗan garwashi, ta koma gida da sauri tana hurawa. Ɗiban wuta ke nan. Ba a sayarwa, ba a hanawa.

To, tsohon nan ya lura da wani abu. Duk wanda ya zo ɗiban wuta dole ya tsuguna. In ya tsuguna dole ya gaisa. In ya gaisa kuwa ya shiga hannu, don ba zai tashi ba sai ya ji labari. Shi kuwa tsoho labari ne cike da cikinsa. Yadda ya taɓa riƙe kura da hannu ɗaya yana ɓare gyaɗa da ɗayan. Yadda ya noma doya guda ɗaya tak, aka haƙa aka haƙa, sai da aka ɓulla gonar maƙwabci kafin a ga ƙarshenta. Mutane su yi dariya, shi kuwa ya ji kamar an ba shi sarauta. Saboda haka ya kafa rumfa a ƙofar zaure, ya hura wuta a ƙarƙashinta, ya ce daga yau wannan wutar ba za ta mutu ba muddin yana numfashi. Mutanen gari suka sa masa suna Mai Hayaƙi. Da wani ne da ya ji haushi. Shi kuwa in an kira shi haka, har wani gyara zaman hula yake yi.

Amma wuta ba ta cin labari, itace take ci. Da can daji yana bayan danga, mace ta leƙa ta karyo abin girki ta dawo tuwonta bai huce ba. Yanzu daji ya yi ƙaura, ya koma can hayin rafi, wanda ya fita da safe sai rana ta karkata zai dawo da dami ɗaya a kai. Matar tsohon, sunanta Milkatu, ita ke wannan tafiyar, ita ma kuwa shekaru sun hau ta. Wata rana ta sauke dami a tsakar gida, ta dafe ƙugu, ta ce, "Maigida, wuyan nan nawa ba na jaki ba ne. Itacen da na ɗauko na tuwo ne. In kana son na hira, ga gatari can."

Daga nan ta riƙa ɓoye itacenta a ƙarƙashin gado. Wutar Mai Hayaƙi ta koma cin kara da saiwar dawa da tsofaffin tabarmi. Ta rame, ta zama abin tausayi.

Ana nan sai 'yar autarsu, Keziya, ta sami cikin fari. Bisa al'ada, mai cikin fari gidan iyayenta take komawa ta haihu, a kula da ita. Mijinta kuma aikinsa ne ya tara itacen jego tun kafin ruwa ya sauka, don mai jego ba ta rabuwa da ruwan zafi safe da yamma, ga kunun kanwa, ga ɗumama ɗaki, har ta yi arba'in. Mijin Keziya sunansa Barnaba, mutum ne marar yawan magana, in ya ce maka "to" ya yi doguwar hira ke nan. Bazara guda ya yi yana tsallaka rafi da gatari, yana neman busasshen marke da ƙirya, irin itacen da in ka sare shi gatari ne ke kuka. Tafin hannunsa ya tsattsage. Ya yi ta kawowa a amalanke yana jerawa a jikin katangar surukinsa, ya rufe samansa da zana don ruwa. Tsibin nan, jama'a, in ka tsaya gindinsa ka ɗaga kai, sai hularka ta faɗi.

Da ya gama, ya je gaban tsoho ya durƙusa, kansa a ƙasa. Ya ce, "Baba, ga ɗan abin da ya samu. A ajiye wa baƙon da ke tafe."

Tsoho ya bugi ƙirji. Ya ce, "Tashi, ɗana. A gidan nan ka ajiye? Ko kaza ba za ta ɗauki tsinke ba."

Kuma har zuciyarsa haka yake nufi.

Ba a daɗe ba, wata safiya, wutar rumfa ta kai gargara. Ɗan jan ido ɗaya ya rage a cikin toka. Sai ga Dinatu da tsingaronta. Dinatu ita ce ungozomar ƙauyen, tsohuwa ce mai baki, kuma taubashiyar Mai Hayaƙi ce, akwai wasa tsakaninsu tun suna yara, don haka abin da kowa ke tsoron faɗa masa ita a fili take faɗa. Ta leƙa toka, ta leƙa fuskarsa, ta ce, "Af! Mai Hayaƙi, yau hayaƙin ya tafi unguwa ne? Ko in je in ɗebo maka a gidana?"

Tsoho ya ji maganar har ƙashinsa. Ya ce, "Ke, tsohuwar banza, hutawa take yi. Tsaya nan."

Ya zaga bayan tsibin itacen jego. Tsakanin tsibin da katanga akwai ɗan lungu, daidai shigar mutum marar ƙiba. Ya shiga a karkace, ya zaro ƙirya guda ɗaya. Ya ce a ransa, aro ne, in na sami sarari zan mayar da biyu. Ya kawo ya ɗora. Ƙirya kuwa kun san halinta, in ta kama ba ta wasa. Wuta ta tashi tana rawa, garwashi ya yi jajir. Dinatu ta ɗiba ta tafi. Matan da suka zo bayanta suka ce, "Kai, Baba, yau wutarka ta yi kyau!" Ranar kurar da ya riƙe da hannu ɗaya ta zama kuraye biyu.

Washegari ya sake shiga lungu. Jibi ma haka.

Abin da zai ba ku mamaki, bazara ce fa. Zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Amma ka zo da tsakar rana, ka tarar da tsoho zaune gefen wuta, gumi na bin gemunsa yana ɗiga, yana fifita da hula. Ba tukunya a kai. Ba rogo a ciki. Ba mai jin sanyi. Matan gari da safe kaɗai suke zuwa, sai wata ɗaya ko biyu da yamma, amma wuta tana ci wuni guda, iska na kaɗa ta ta kowane gefe tana lashe itace. Karen gidan ma ya gaji, ya kwashe ya koma gindin randa. In tsoho zai tafi gona sharar fili, sai ya ɗora mata gungume babba don kada ta yi kewarsa. A gonar ma bai bari ba. Yakan tafi da bakin wuta a hannu da ƙirya a kafaɗa, ya hura, ya gasa rogo ɗaya, ya ci, ya bar sauran gungumen yana ci shi kaɗai har ya zama toka, shi yana can ƙarshen gona.

Milkatu ta ga garwashin da ba na kara ba. Ta ce, "Maigida, ina kake samun ƙirya?"

Ya ce, "Ubangiji mai tanadi ne."

Ta ce, "Haka ne." Ta juya ta dubi tsibin itacen jego. Yana nan tsaye yadda Barnaba ya jera shi, zanarsa a kai, fuskarsa ba gurbi ko ɗaya. Ta ci gaba da tankaɗe. Ba ta san cewa ta baya ake cinsa ba. Duk inda tsoho ya zare, sai ya tokare da kara don kada sama ya zauna.

Ruwa ya sauka. Aka yi shuka, aka yi noma. Keziya ta dawo gida da cikinta ya tsufa, tana tafiya tana dafa bango. Duk sanda ta wuce tsibin nan sai ta ɗan yi murmushi, don ta san hannun wanda ya tara shi. Tsoho in ya ga murmushin sai ya kau da kai. Yakan ce a ransa, gobe zan tsallaka rafi. Gobe ta yi, sai wata ta zo ɗiban wuta, labari ya yi daɗi, rana ta yi. Yana gobe yana gobe har rafi ya cika ya batse, ba mai tsallakawa sai kifi.

Cikin marka, lokacin da ruwa ke kwana ya wuni yana zuba, wata safiya Keziya ta sauka lafiya. 'Ya mace, mai kuka kamar an taka ta. Dinatu ta rangaɗa guɗa daga cikin ɗaki, ta leƙo ta ce, "Milkatu, ruwan zafi! A ɗora babbar tukunya!"

Milkatu ta nufi tsibin da farin cikinta, ta kama itace ɗaya na gaba ta ja.

Tsibin nan gaba ɗaya ya yi wata ƙara, ya durƙusa, ya zube ciki kamar an soke tulu. Zana ta faɗo. Kara ya watse. Daga cikin ramin sai ga kaza ta fito a fusace, 'yan tsakinta na bin ta a baya. Ashe har ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe a ciki, don ɗaki ne sosai, da mutum ya so da ya shimfiɗa tabarma.

Milkatu ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu ma da ya fi sauƙi. Ta tsaya cikin yayyafi tana kallon abin da ya rage, wanda in an yi wasa ko suna ba zai kai ba. Sannan ta juyo ta dubi mijinta, ta ce a hankali, "Maigida, ina itacen yarinyar nan?"

Tsoho ya dubi sama, kamar amsar tana cikin hadari. Sai can ya ce, "Kwantar da hankalinki. Akwai gidan da bai ɗebi wuta a hannuna ba a garin nan? Yau ranar sakayya ce. Ba ni igiya da gammo."

Ya fita gida gida. Kowa ya yi masa barka, kowa ya ba shi wurin zama. Amma damina ce, kowace mace ta lissafa abin da zai kai ta kaka, ta ɓoye shi inda ruwa ba ya taɓawa. Wannan ta ba shi 'yan ƙirare cikin hannu. Waccan ta ba shi totuwar masara cikin ƙwarya. Wata ta ce, "Wayyo Baba, da ka zo jiya." Ba wadda ta yi masa rowa, abin da ke akwai ke nan. Da ya gama zagaye, abin da ya tara bai kai a ɗaura masa igiya ba. Gammon ma a hannu ya riƙe shi.

Gidan Dinatu ne na ƙarshe. Ta dawo daga wurin haihuwar ta sauya zane, tana zaune bakin murhunta. Murhun kuwa shiru, ba hayaƙi, ba alamar rai.

Tsoho ya ce, "Ashe taki ta mutu ke nan. Kin ga amfanina."

Dinatu ta ɗauki tsinke ta tona toka. Can ƙasa sai ga totuwa guda ɗaya, jajir, tana numfashi. Ta ce, "Tun girkin jiya take nan. Na rufe ta da toka, ta kwana, ta jira ni." Ta mayar da toka ta rufe. "Kai Mai Hayaƙi, garwashin da muke ɗiba a wurinka, totuwa ɗaya ta isa ta riƙe shi. Wa ya aike ka ƙona daji?"

Ya ce, "To in kina da wuta, me ke kawo ki gidana da tsingaro kullum?"

Ta ce, "Ƙaryarka. Tun da mai gidana ya rasu, ita ke ɗebe mini kewa. Tsingaron don kada a ce tsohuwa ta je hira ne da sassafe. Da ka zauna a rumfar nan ba ko tsinke a gabanka, da mun zo. Wa ya gaya maka don wuta ake zuwa?"

Dinatu ta shiga ɗaki ta fito da itace kaɗan daga nata, ta ɗora masa a hannu, ta ce, "Na jaririyar ne. In na ga hayaƙinsa a ƙofar zaure, da taɓarya zan zo."

Kuna tsammani ya koma ya kashe wutar rumfa? Ina! Hali ba ya fita rana ɗaya. Akwai wani gungumen ƙirya babba da ya ɗora tun kafin haihuwa, rabinsa ya ci, rabi na nan. Ya ce wannan ai ya riga ya kama, a bar shi ya ƙarasa. Ya zauna gefensa, amma labari ya ƙi fitowa. Daga cikin gida yana jin Milkatu tana karya ƙirare tana ƙirga su da ido. Ruwan wanka ya koma sau ɗaya a rana, shi ma ɗumi ɗumi. Ɗakin mai jego ya yi sanyi, bango na tsattsafo da danshi. Keziya ta fara tari. In babanta ya leƙa ya ce, "Auta, yaya jiki?" sai ta ce, "Da sauƙi, Baba," ta ja zane ta ƙara rufe jaririyar.

Ana gobe suna sai ga Barnaba, ya zo da kayan suna a kai, ƙafarsa duk taɓo. Ya shiga ya ga matarsa da 'yarsa. Ya fito ya tsaya inda tsibinsa yake a da. Ya daɗe a tsaye. Ya dubi tafin hannunsa, ya mayar cikin aljihu. Sannan ya zo rumfa ya durƙusa gaban surukinsa, ga gungumen ƙirya na ci a tsakaninsu, wanda shi ya san ranar da ya sare shi da inda ya sare shi.

Suruki ba ya tuhumar suruki. Akwai kunya. Saboda haka Barnaba ya sunkuyar da kai, ya buɗe wa tsoho ƙofar fita. Ya ce, "Baba, ina jin gara ce ta shiga itacen nan."

Kai, tsoho ya ji kamar an miƙo masa igiya yana cikin rijiya. Nan take ƙirjinsa ya buɗe, harshe ya dawo. Ya ce, "Gara! Ɗana, ai ba ka ga gara ba. Irin ta bana, kowace ɗaya kamar ɗan akuya. Da idona na ga guda ta ɗauki gungume a baki tana..."

Sai tarin Keziya ya taso daga cikin gida. Tari mai tsawo, irin wanda ke ƙarewa da numfashi sama sama. Jaririyar ta farka ta kama kuka.

Tsoho ya tsaya da hannu a sama. A hankali ya sauke shi. Ya dubi saurayin da ke durƙushe a gabansa, wanda ya yarda ya haɗiye bazara guda ta wahala don kada tsoho ya ji kunya.

Ya ce, "Barnaba, garar nan gemu gare ta. Fari. Ga ta zaune a gabanka."

Barnaba ya ce, "Haba Baba."

Ya ce, "Ba haba. Amana ka ba ni, na ƙona ta don a ce mini sannu. Ka yafe mini, in ka iya."

Barnaba ya ce, "To." Kun dai san shi.

Tsoho ya tashi, ya kama gungumen ta gefen da bai ci ba, ya ja shi daga wuta, ya turmusa bakinsa cikin jiƙaƙƙen yashi. Ya yi cuuu, ya yi tururi, ya yi shiru. Ya kwashe garwashin a kasko, ya rungumi gungumen, ya kai wa Milkatu har bakin murhu. Wutar da aka ce ba ta mutuwa ta mutu da rana tsaka, a hannun mai ita.

Sai maganar suna. Itacen da ke akwai, ko a dafa wa baƙi tuwo, ko a dafa wa mai jego ruwa, ba zai yi duka biyu ba. Milkatu ta dubi mijinta. Ya ce, "Ruwa." Washegari dangin Barnaba suka zo da kwalliyarsu, fasto ya yi addu'a, aka raɗa wa yarinya suna Tabita. Aka fito da fura da gyaɗa da goro. Ba tuwo, ba miya. A gidan Mai Hayaƙi aka yi suna ba hayaƙi. Da wata gwaggon Barnaba ta fara tambaya da ƙarfi ko tukunyar gidan ce ta fashe, tsoho ya miƙe a gaban kowa ya ce, "Tukunya lafiyarta lau. Ni ne na cinye tuwonku tun bazara." Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma kunnuwansa sun yi zafi.

Daga ranar ya zama mai tsaron murhu, kuma ba a taɓa yin mai tsaro mai tsanani irinsa ba. Ya kwaɓa laka ya toshe gefen murhu ta inda iska ke shiga. Tukunya ba ta hawa wuta sai da murfi. Ba a hura wuta sai an gama tankaɗe, an gama yanka kuɓewa, komai na hannu. Wake tun dare ake jiƙa shi. In an sauke ruwan wanka, kunu ya hau kan garwashin, in an sauke kunu, a kwashe sauran a kasko a kai ɗakin mai jego ya ɗan kore danshi, a fitar da shi kafin a rufe ƙofa. Da an gama sai ya janye itace ya kashe bakinsa a yashi, ya binne ɗan jan ido ɗaya a toka don gobe. Har Milkatu ta ce, "Maigida, ka bar ni in yi girki, ka tsaya mini a kai kamar mai karɓar haraji." Barnaba ya cire tsohuwar dangar gidansa ya kawo. Da haka, da ƙyar da lallami, ruwan wanka ya koma safe da yamma, aka kai arba'in ba ko tsinke a ƙasa. Tarin Keziya bai sake ta ba sai da kaka ta yi. Ya dai sake ta, godiya ga Ubangiji. Amma duk tsawon lokacin nan, in ta yi tari, tsoho ne ke dafe ƙirji.

To, ku matso, ga abin da misalin nan yake nufi.

Itacen jego shi ne duk abin da Ubangiji ya ajiye a hannunmu mai ba da wuta da haske da ƙarfi. Itace ne, gawayi ne, gas ne, fetur ne, lantarki ne. Mu muna cewa namu ne don a gidanmu yake. A'a, ajiya ce. Wani ya sha wahala kafin ya iso gare mu, kuma akwai baƙon da ke tafe wanda rabonsa na ciki. Jaririyar nan da aka haifa cikin marka, ita ce 'ya'yanku da jikokinku da waɗanda ba a ko yi cikinsu ba tukuna. Ba su da bakin da za su ce a rage musu. Zuwa kawai za su yi, su tarar da abin da muka bari.

Lungun nan na bayan tsibi kuwa, kowa yana da nasa. Ba wanda ke ƙona tsibi rana ɗaya. Guda guda ake zarewa, ana cewa wannan ɗaya me zai rage. Mace ta ɗora tukunya ba murfi, ta tafi maƙwabta jin abin da ya faru, wuta na ci, iska na ci. Mai injin niƙa ya bar inji na ruri ba ko ƙwayar dawa a ciki, shi yana bakin hanya yana gardamar ƙwallo. Akwai wani ma, ba zan kama suna ba, yana dai jin nan, hularsa sabuwa ce, wanda ke tayar da janareta da rana tsaka don maƙwabta su san ya saya. Shi da Mai Hayaƙi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ku ma masu zuwa ofis kada ku yi dariya da yawa. Kuna fita ku bar fanka tana yi wa kujera fifita, ku ce ai ba ni ke biya ba. Tsohon nan ma ba shi ya saro ba, shi ya sa hannunsa bai ji nauyi ba. Daga gaba komai zai yi kamar yana nan daram, har ranar da za a ja guda ɗaya.

Kada kuma wani ya tafi gida ya ce an koya masa rowa a coci. Ba a ce ka hana maƙwabci garwashi ba. Ba a ce ka bar mai jego cikin sanyi ba, ko ka bar yara su yi karatu a duhu. Wuta don amfani aka ba mu ita, a dafa, a gani, a ji ɗumi, a taimaki wani. Abin da aka ce shi ne, in totuwa za ta yi aikin, kada ka ɗora gungume. In aikin ya ƙare, janye itacen. Alherin da tsohon nan yake taƙama da shi kaɗan ne ya ishe shi, sauran duk girman kai ne ya cinye. Ku duba da kyau, yawancin wutar da ke ci a banza a gidajenmu, ba tuwo take dafawa ba, suna take dafawa.

Ubangiji kuwa mai haƙuri ne, ya fi Barnaba nesa ba kusa ba. Ba ya zuwa da faɗa. Yakan zo ya tsaya shiru inda ajiyarsa take, ya jira ya ji abin da za ka ce. Kana iya ɗora wa gara, kana iya ɗora wa gwamnati, kana iya ɗora wa zamani. Ko kuwa ka faɗi gaskiya, a yafe maka, ka tashi ka gyara murhunka. Gafara tana nan a yalwace, ba ta ƙarewa. Itacen da ya zama toka ne dai ba ya dawowa.

Yanzu mu tashi mu yi addu'a. Kai da ke kusa da bango, miƙa hannu ka kashe ƙwan lantarkin nan da ke ci tun safe. Ga rana ta Allah ta cika taga. Addu'ar ma ido a rufe ake yin ta.